Sana'armu ta jan wayar intanet a gidaje

Ina da ɗan ƙaramin kamfani, ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna, kuma sana'armu ita ce haɗa kwamfutoci da talabijin da kyamarorin tsaro na gida da waya, yadda za su riƙa magana da juna da kuma intanet ba tare da jan ƙafa ba. Galibin masu kiranmu kukansu ɗaya ne: sun biya kuɗin intanet mai ƙarfi, sun sayi rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) mai tsada, amma bidiyo na tsayawa, taron ofis ta kwamfuta na yankewa, fayil kuma sai ya ga dama yake wucewa daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Ba na kushe Wi-Fi, domin wayar hannu ba ta da wata hanya sai shi. Sai dai iska ɗaya ce kowa ke rabawa, na'urorin gidan da na maƙwabta, kowace sai ta jira ta samu sarari kafin ta aika, ga bangon siminti mai rodi yana cinye sigina. Waya kuwa kowace na'ura da layinta, tana aikawa tana karɓa a lokaci guda. Shi ya sa nake ce wa mutane duk abin da ba ya motsi a gida a ba shi waya, a bar wa masu yawo iska.

Idan muka shiga gida, kafin a yi zancen sayen komai sai na duba gudun da kwamfuta da rauta suka daidaita a kai. Sau da yawa megabit 100 a daƙiƙa nake tararwa, alhali duka na'urorin biyu masu iya 1000 ne, wato gigabit ɗaya. Dalilin yana cikin wayar. In ka feɗe ta za ka ga sirara takwas, an murɗe su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Tsarin megabit 100 da ya fito a 1995 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, amma na gigabit da hukumar IEEE ta tabbatar a 1999 sai duka huɗun sun cika. Siriri ɗaya daga tagwayen da tsarin 100 ba ya amfani da su ya tsinke ko bai taɓa ba, sai na'urorin su koma 100 shiru, intanet na aiki, fitila na ƙiftawa, babu wanda zai sani.

Na taɓa zuwa wani gida na tarar maigidan ya riga ya yanke shawarar a fasa bango a canja wayoyi gaba ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti kaɗan tukuna." Na sa testa, na'urar gwajin waya mai fitila ɗaya ga kowane siriri, a bakin wayar da ke falo, yarona ya riƙe ɗaya ɓangaren a wajen rauta. Fitilu suka fara bin layi, ɗaya, biyu, uku, har shida, ta bakwai ta ƙi kamawa, ta takwas ta kama. Yaron ya ɗago kan wayar ya haska shi da tocila ya ce, "Oga, fari mai ruwan ƙasa bai kai ƙarshe ba." Muka yanke kan, muka jera sabo, muka matse. Kwamfuta ta nuna 1000. Bangonsa na nan yadda yake.

Wannan sa kan shi ne zuciyar aikin, kuma shi na fi daɗewa ina koya wa yara. Jerin da muke bi sunansa T568B: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Akwai T568A, shi ma daidai ne, abin da ake so dai a tsaya kan ɗaya a duk gidan. Haddace jerin ba wuya. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne hannu ya saba da kada ya warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kai. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke sa hayaniyar lantarki da ta shiga siriri ɗaya ta shiga ɗan uwansa daidai wa daida, na'ura ta soke ta. Sabon yaro yakan warware da tsawo don jerawa ta zo masa da sauƙi, waya ta wuce gwajin fitila lafiya, amma da an ɗora mata gudu mai yawa sai ta fara zubar da saƙo.

Abin da ke ɓata mini rai a sana'ar nan shi ne wayar alminiyam da aka shafe da tagulla, wadda ake kira CCA. A ido ba ta da bambanci da ta gaske, kwalinta ma da Cat6, wato ajin ingancin waya, a rubuce ɓaro-ɓaro. Ka sa wuƙa ka kankare siriri ɗaya, in fari ya leƙo daga ƙasa to ita ce. Kwalin ma ya fi sauƙi a hannu. Alminiyam ba ya wuce da wuta kamar tagulla, yana karyewa in an lanƙwasa shi, kuma ƙa'idar wayoyin ba ta yarda da shi ba. Haɗarin ya fi yawa yanzu da ake tura wuta ta cikin wayar intanet zuwa kyamarori da na'urorin Wi-Fi na silin. Wannan tsari na PoE ya fara da wat 15.4 a 2003, ya kai 30 a 2009, tun 2018 kuma har 90 yana kaiwa. Irin wannan nauyi a kan alminiyam zafi yake haifarwa a cikin bango. Ko mai gida ne ya sayo ta da kansa, ba na ja masa, nakan ba shi haƙuri in gaya masa dalili.

Sai tambayar da kowa ke yi: wace waya za a saya? Wanda ke da Cat5e ta tagulla a bango, lafiyayya, ba na barinsa ya cire. A 2016 aka fitar da ƙa'idar 802.3bz, wadda ta ba wannan tsohuwar waya damar ɗaukar gigabit 2.5 har tsawon mita 100. Na'urorin bakin waya kawai za a canja. Mai sabon gini kuwa Cat6 nake ba shi shawara, tana ɗaukar gigabit 10 zuwa kusan mita 55, kuma da wuya layin cikin gida ya kai haka. Cat6a na kai gigabit 10 har mita 100, amma tana da kauri da taurin kai a kwana. Cat8 da ake tallatawa an yi ta ne don manyan ɗakunan sabar, wato kwamfutocin ajiye bayanai na kamfanoni, iyakarta mita 30, ba abin da za ta ƙara wa talabijin ɗin falo.

Gudun layi kamar ayarin raƙuma ne, tafiyar gurgun ciki ake bi. Waya mai kyau ba ta hana ramin da ake soka ta a rauta ya zama na 100. Talabijin da yawa, har masu tsada, raminsu na waya 100 ne. Adaftar da aka soka a USB 2.0 ba za ta wuce megabit 480 ba ko a takarda. Kuma gudun cikin gida daban, na kamfanin intanet daban: in layin da ke shigowa megabit 50 ne, ko gigabit 10 ka shimfiɗa a ɗakuna, 50 ɗin za ka samu daga waje. Inda ake ganin amfanin sosai shi ne tsakanin na'urorin gidan. Mai tace bidiyo da zai kwashe fayil na gigabait 50 (bait ɗaya bit takwas ne) zuwa ma'ajiya zai jira sama da awa ɗaya a kan 100, minti bakwai ko takwas a kan gigabit, wajen minti uku a kan 2.5. Daga nan kuma faifan ajiya ne ke zama gurgun, domin mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 250 a daƙiƙa. Don haka ban cika tura masu gida zuwa gigabit 10 ba. Na'urorinsa na zafi, wasu da fanka mai ƙara, kuma mutum kaɗan ne aikinsa ke cika wannan layi.

Jan wayar kansa aikin haƙuri ne. Ba a fizga, ba a karya ta a kwana, ba a danne ta da ƙusa. Muna nisanta ta da wayar wuta, in dole su haɗu sai ta gitta ta, kada su jeru. Iyakar layi mita 100 ne, 90 a bango, 10 na guntayen da ke baki biyu. Duk inda aka ce a ja ɗaya nakan roƙa a ja biyu, domin wahalar ɗaya ce, kuma mu bar igiya a cikin bututu saboda wanda zai zo bayanmu. Tsakanin gini da gini kuwa faiba nake sawa. Gilashi ne, ba ya ɗauko wutar tsawa ya kai wa na'urori yadda tagulla ke yi.

Kafin mu tattara kaya, kowane layi sai an manna masa lamba a baki biyu, an gwada shi da testa, sannan mu haɗa kwamfutoci biyu mu auna da manhajar iperf3 a gaban mai gida. Lafiyayyen layin gigabit yakan nuna wajen megabit 940, ragowar na tafiya ne a bayanan da ke rakiyar saƙo. In layi ya gaza haka ba ma rufe soket ɗin sai mun gano dalili. Sakamakon kowane ɗaki muna rubuta shi a takarda mu liƙa a cikin akwatin da wayoyin suka taru, tare da nau'in wayar da jerin da muka bi.