Sanarwa daban, neman shawara daban

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanar da cewa masu amfani da wuta da ke rukunin A za su koma biyan naira 225 a kan kowane yunit, maimakon ƙasa da naira 70 da suke biya a da, kuma sabon farashin ya fara aiki nan take. Rukunin A shi ne na waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta sa'o'i 20 ko fiye a kowace rana. Hukumar ta kawo dalilanta: darajar naira ta faɗi, farashin gas ɗin da ake samar da wuta da shi ya tashi, tallafin da gwamnati ke biya kuma ya fi ƙarfinta. Ni da nake rubuta wa wata ƙaramar ƙungiyar masu injin niƙa da masu walda takardunta, na shafe wannan makon ina amsa tambaya ɗaya daga bakin mutane daban-daban, kuma tambayar ba ta farashi ba ce kaɗai. Abin da suke tambaya shi ne, yaushe aka yanke wannan shawarar, kuma da wa aka yi ta?

Tun daga lokacin nake bibiyar yadda hukumomin gwamnati suke sanar da sauya ƙa'idojinsu, da yadda suke cewa sun ji ra'ayin jama'a. Abin da na fahimta shi ne muna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Sanarwa ita ce a faɗa maka abin da aka riga aka yanke. Neman shawara kuwa shi ne a nuna maka abin da ake niyyar yi tun yana daftari, a ba ka lokaci ka duba, ka faɗi inda zai cutar da kai, sa'an nan a dawo a gaya maka abin da aka yi da maganarka. Kakanninmu sun san wannan bambancin. Idan mai shela ya tsaya a bakin kasuwa ya ce, "Jama'a, Sarki ya gaishe ku," kowa ya san magana ta ƙare, saura bi. Amma kafin a kai ga shela akwai zaman fada, inda hakimai da malamai da sarakunan sana'a suke faɗin abin da suka gani, kuma sarkin da ya saba tsallake wannan zaman ba ya daɗewa bai ga sakamakon hakan ba.

Majalisa ce ke yin doka, amma yawancin ƙa'idojin da suke taɓa aljihun talaka kullum ba daga majalisa suke fitowa kai tsaye ba. Doka takan kafa hukuma ta ba ta ikon tsara ƙa'idoji, hukumar kuma ita ce ke ƙayyade kuɗin wuta, da kuɗin kira da na data, da yawan kuɗin da za ka iya cira a banki, da irin rajistar da mai haɗa magani ko mai ruwan leda zai yi. Shugabannin waɗannan hukumomi naɗa su ake yi, ba mu muka zaɓe su ba, ba kuma za mu iya kayar da su a akwatin zaɓe ba. Saboda haka zaman jin ra'ayin jama'a shi ne kusan hanya ɗaya tilo da mai biyan kuɗin yake da ita ta sa baki kafin a ɗora masa nauyi.

A rubuce, tsarin yana nan, ko da yake kowace hukuma tana bin abin da dokar da ta kafa ta ta tanada. Dokar Sadarwa ta 2003, wadda Hukumar Sadarwa ta NCC ke aiki da ita, ta ce kafin a kafa sabuwar ƙa'ida sai an gudanar da bincike, a buga sanarwa, a ba jama'a aƙalla kwana 21 su aiko da ra'ayinsu a rubuce, daga baya kuma a fitar da rahoton abin da aka gano. Babban Bankin Najeriya yakan saka daftarin wasu ƙa'idojinsa a shafinsa na intanet ya nemi bankuna da sauran masu ruwa da tsaki su yi tsokaci. Ita ma NERC takan fitar da takardun tuntuɓa, ta kira zaman sauraro idan kamfanonin rarraba wuta suka nemi ƙarin kuɗi. Kotu kuma ta taɓa nuna cewa wannan ba ado ba ne: a 2016 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke ƙarin kuɗin wutar da aka yi a farkon shekarar, bisa dalilin cewa ba a bi matakan da doka ta shimfiɗa ba.

Babu abin da ya nuna mini tsadar tsallake shawara kamar sauya fasalin naira. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin za su fito ranar 15 ga Disamba, tsofaffin kuma za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023. Kwanaki kaɗan bayan haka Ministar Kuɗi, Zainab Shamsuna Ahmed, ta faɗa wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Idan ma'aikatar kuɗi ta ƙasa ba ta san da maganar ba, ina ga mai sayar da hatsi a Dawanau, ko dillalin shanu a Maigatari, ko matar da ke yin adashi da tara kuɗinta a asusun gida a ƙauyen da babu reshen banki ko ɗaya? Tsakanin fitowar sababbin takardun da ƙarewar wa'adi mako shida ne da 'yan kwanaki. Da an shimfiɗa daftarin a gaban 'yan kasuwar Arewa tun farko, da a zaman farko sun faɗi abin da duk ƙasa ta gani daga baya: cinikin karkara da tsabar kuɗi ake yinsa, ƙananan hukumomi da dama ba su da banki, sabis ɗin waya ba ya kai wa ko'ina, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya biyo baya kowa ya sha shi. An ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, mutane suka riƙa kwana a layin ATM, ana sayen naira da naira a wajen masu POS, manoma suka karyar da kayansu ga duk wanda ke riƙe da tsaba. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, wasu jihohin suka biyo su, kuma ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar. Cikin abubuwan da kotun ta kama akwai cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa kamar yadda dokar Babban Bankin ta buƙata ba, kuma ba a yi shawara da waɗanda ya kamata ba. Ni ban taɓa ganin laifin manufar kanta ba, domin rage jabun kuɗi da jawo kuɗin da ke boye zuwa banki abu ne mai kyau. Hanyar da aka bi ce ta kashe manufar.

Shekara guda bayan haka aka sake ganin irinsa a taƙaice. A farkon Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su fara cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ake turawa ta intanet a matsayin harajin tsaron intanet, aka ba su mako biyu. Jama'a suka yi caa, gwamnati ta dakatar, bankin ya janye takardarsa kafin watan ya ƙare. An ji ra'ayin jama'a, amma ta hanyar ihu bayan hari.

Amurka ta daɗe da tsara wannan al'amari a doka ɗaya. Tun 1946 suke da dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya su buga daftarin ƙa'ida a jaridar gwamnati mai fitowa kowace ranar aiki, su buɗe ƙofar tsokaci, galibi na kwana 30 zuwa 60, kuma tun 2003 akwai shafin intanet guda da kowa zai iya shiga ya rubuta nasa. Tsarin nasu ma yana da tabo: a 2017, lokacin da hukumar sadarwarsu ta nemi ra'ayi kan soke ƙa'idar daidaito a intanet, wadda ke hana kamfanonin sadarwa fifita wasu shafuka a kan wasu, an samu tsokaci sama da miliyan 22, sai binciken Babbar Lauyar Jihar New York ya gano a 2021 cewa kusan miliyan 18 na bogi ne. Abin da na ɗauka daga wurinsu shi ne sharaɗin amsa. Idan hukuma za ta fitar da ƙa'idar ƙarshe, dole ta bayyana dalilanta, ta kuma amsa muhimman hujjojin da aka kawo mata, in ba haka ba kotu na iya rushe ƙa'idar. Wannan sharaɗin ne yake sa ma'aikaci ya karanta abin da aka aiko masa.

Na taɓa halartar irin wannan zama a madadin ƙungiyarmu, a wata hukuma da ba zan ambaci sunanta ba. Labarin zaman ya iso mana saura kwana uku, ta hannun wani da ya ga sanarwar a jaridar Turanci. Daftarin yana da tsawo, cike da lissafi da kalmomin lauyoyi, babu ko shafi ɗaya da aka fassara. An yi zaman a zauren otal, da safiyar ranar aiki, lokacin da mai injin niƙa ba zai iya rufe shagonsa ba. Manyan kamfanoni sun zo da lauyoyinsu da akantocinsu, suka yi bayani dalla-dalla, mu kuma aka ba mu 'yan mintoci a ƙarshe, bayan an fara tattara takardu. Na miƙa takardarmu, aka karɓa da mutunci, amma har yau ban ga inda aka ce an duba hujjarmu an karɓa ko an ƙi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sanin cewa za a rubuta a rahoto an tuntuɓi masu ruwa da tsaki, kuma sunan ƙungiyarmu yana cikin jerin.

Gyaran da nake gani ba mai tsada ba ne. Mutanenmu rediyo suke saurare, kuma tashoshin da ke magana da Hausa sun cika Arewa, daga Rediyon Tarayya na Kaduna zuwa Freedom da sauran masu zaman kansu. Hukumar da ke shirin taɓa kuɗin wuta ko na waya tana iya taƙaita daftarinta a shafi biyu, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsuna, ta faɗi abin da zai canza, da nawa zai koma, da ranar da za a rufe karɓar ra'ayi, a karanta a rediyo sau da yawa cikin wa'adin. Tana iya karɓar saƙon murya ta WhatsApp, domin dattijon da ya shekara talatin yana sana'a yana da hujja ko da bai iya rubuta wasiƙar ofis ba. Tana iya kai zaman Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da yamma, maimakon otal da safe. Sa'an nan, wanda ya fi duka, ta buga amsa: ga abin da kuka ce, ga wanda muka ɗauka, ga wanda muka bari da dalilinsa. Mutum yana iya haƙura da hukuncin da bai yi masa daɗi ba idan ya ga an auna maganarsa kafin a ajiye ta.

Mu ma akwai namu. Sau da yawa idan aka buɗe ƙofa sai mu shiga da fushi kawai, mu ce ba mu yarda ba, alhali hukuma ba ƙuri'a take ƙirgawa ba, hujja take dubawa, kuma hujja ce kotu za ta duba idan magana ta kai can. Shi ya sa a ƙungiyarmu muka canza salo. Kowane memba yana da littafin da yake rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, yana ajiye rasit ɗin katin mita da na man janareta, domin wanda aka sa a rukunin A yana da haƙƙin ya nemi a sauke shi idan ba ya samun sa'o'i 20 ɗin da ake cajinsa a kansu. Mun kuma ɗora wa wani matashi cikinmu aikin leƙa shafukan hukumomin da suka shafe mu kowace Litinin, idan ya ga sabon daftari ya kawo, in fassara shi, mu karanta a taronmu na bayan La'asar, mu tura amsarmu kafin wa'adi ya cika, da lambar sashen da muke magana a kai da abin da muke so a sa a madadinsa.