Jidda ba filin jirgi da kasuwar tsaraba kawai bace

Akwai wani abu da yake damuna game da yadda mutanenmu suke yiwa Jidda. Mutum zai je umara ko aikin hajji sau da yawa, amma ka tambayeshi me ya sani a Jidda sai yace maka filin jirgi, sai wajen awon kaya, sai kuma kasuwar da ya siyo dabino da jallabiya da agogo. Shikenan fa. Alhali garin nan yana daga cikin tsofaffin garuruwan bakin teku a duniyar Musulunci, kuma wallahi idan ka bashi yini ɗaya ko biyu zakaga abinda baka taɓa zato ba.

Tun shekarar 647, wato wajen shekara ta 26 bayan hijira, Sayyidina Usman ɗan Affan ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka. Daga nan ne garin ya zama ƙofa, duk wanda ya taho ta Bahar Maliya da niyyar ɗakin Allah to nan zai fara sa ƙafa. Kakanninmu ma da suke tafiya a ƙasa, su ratsa Borno da Chadi da Sudan, wani ya shekara biyar wani goma a hanya yana noma yana ƙwadago yana tara guzuri, idan sun kai bakin ruwa a Sawakin ko Port Sudan jirgin ruwa suke shiga ya tsallakar dasu Jidda. Wasu sun dawo, wasu da yawa kuma basu dawo ba, jikokinsu suna nan har yau, zakaji mutum yana larabcin Hijaz zalla amma ka gaisheshi da Hausa ya amsa maka. Don haka ni dai banajin baƙunta a garin nan.

Inda nake so kowa ya fara zuwa shine tsohon gari, wanda suke kira Balad. Mutanenmu sun san sunan amma a matsayin kasuwa kawai, su shiga su siyi zannuwa da turare su fito, basu taɓa ɗaga kai sun kalli gidajen dake samansu ba. Dan Allah ka ɗaga kai. Gidaje ne masu hawa huɗu biyar har shida, an ginasu da dutsen da ake haƙowa daga bakin teku, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsun don ya riƙe ginin, sannan gaban gidan gaba ɗaya tagogi ne na katako da aka sassaƙa masu ƙananan huduji, su ake kira rawashin. Ba don ado kawai akayi su ba, a lokacin da babu fanka babu AC sune suke jawo iskar teku cikin ɗaki su tare rana, kuma matan gida suna iya zama a bayansu suna kallon titi ba tare da na waje ya gansu ba. Katakon ma ba na ƙasar bane, jiragen ruwa ne suke kawoshi daga Indiya da tsibiran Indunusiya, kaga kenan ko tagar gida tana gaya maka cewa arzikin garin nan daga ruwa yazo. Hukumar UNESCO ta saka Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma yanzu gwamnati tana ta gyara gidajen, wasu an gama sun yi kyau, wasu kuma har yanzu an tokaresu da ƙarafa don kar su faɗi.

Gidan da yafi shahara shine Baitu Nasif, an gama gininsa a 1881, na wani attajirin ɗan kasuwa ne. Lokacin da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a 1925 a gidan nan ya sauka. Matakalar gidan tana da faɗi kuma bata da tsayin taki, ance anyi ta haka ne don raƙumi ya iya hawa da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai bishiyar darbejiya, eh dogon yaro ɗin nan namu, wadda mutanen garin suke cewa a da ita kaɗai ce bishiya a duk Jidda. Daga nan ka bi ta Suƙul Alawi, lunguna ne matsattsu cike da ƙamshin kayan yaji da turaren wuta da gahawa, ka shiga masallacin Shafi'i kayi sallah, yana cikin masallatai mafiya tsufa a garin.

Garin yana da ganuwa a da, an ginata a farkon shekarun 1500 saboda tsoron jiragen yaƙin Turawan Fotugal da suka shigo Bahar Maliya, kuma sun zo ɗin a 1517 basu samu shiga ba. A 1947 aka rushe ganuwar don gari ya faɗaɗa, yanzu sai ƙofofi da aka sake ginawa irin su Babu Makka. Gaskiya duk sanda na tsaya a wajen sai badalar Kano ta faɗo min, yadda muke gani ana cinyeta kaɗan kaɗan, su yanzu kuɗi suke zubawa don ceto abinda ya rage, mu kuma namu yana tsaye muna kallo.

Kusa da nan akwai maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u. Malamai sunce babu hujja ingantacciya akan hakan, kuma babu wani abin gani a wajen, in ka wuce ta gefe ka wuce kawai.

Kar kaje Balad da rana tsaka. Zafin Jidda ba irin namu na arewa bane mai bushewa, wannan gumi ne, ka fito daga wanka kafin ka kai bakin titi riga ta manne maka a baya. Bayan la'asar ake fita, gari kuma baya cika sai bayan isha'i. In kana da zaɓi kazo tsakanin Disamba da Fabrairu.

Sai bakin teku, Kornish, wanda ya miƙe wajen kilomita 30. Nan ne zakaga yadda mutanen garin suke rayuwa, iyali sun shimfiɗa darduma da fulas ɗin shayi, yara suna keke, dattijai sun jefa ƙugiya suna jiran kifi, babu wanda ya damu da wani. Daga nesa zaka hango famfon Sarki Fahad yana harba ruwan teku sama, tun 1985 yake aiki kuma shine mafi tsawo a duniya, ruwan yana wuce mita 260. Da dare idan aka haska shi da fitilu yafi kyau. Can arewa kuma akwai masallacin Rahma da aka gina akan ginshiƙai cikin ruwa, idan teku ya cika sai kaga kamar yana yawo a samansa. Ka daure kayi magariba a can, ana idar da sallah kana jin ruwa yana dukan ƙasan masallacin. A wannan ɓangaren ne ma aka fara tseren motocin Formula 1 a 2021, ni dai wannan bai dameni ba.

Tashar jiragen ruwan kanta ba wajen yawo bace, baza su barka ka shiga ba, amma daga gefen kudancin gari zaka hango manyan ƙugiyoyin ɗaukar kwantena sun jeru, da jirage a can cikin ruwa suna jiran layi. Kaya masu yawa da ake ci ake sha a Saudiyya ta nan suke shigowa, har da ragunan hadaya da ake lodowa daga Sudan da Somaliya idan hajji ya matso. Kusa da wajen akwai babbar kasuwar kifi, ita kam da sassafe ake zuwa. Ka zaɓi kifinka, najil ko hamur ko jatan lande, ka biya a gyara maka, a soya ko a gasa maka a nan gefe, ka haɗa da shinkafar sayadiyya wadda ake dafawa da soyayyar albasa har tayi ruwan ƙasa. Nasan kowa Albaik ya sani, gidan soyayyar kaza ɗin nan, kuma dama a Jidda aka fara shi a 1974, ba laifi kaci, amma kazo garin teku ka koma baka ci kifinsa ba ai anyi asara. Da safe kuma ful da burodin tamis mai zafi, ko mutabbaƙ, kuɗi kaɗan ka ƙoshi.

Wani abu da bazan iya tsallakewa ba, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama a kudanci da tsakiyar Jidda da sunan sabunta gari, irin su Karantina da Gulail da Sabil, kuma nan ne 'yan Afirka da yawa harda Hausawa suka zauna shekara da shekaru. Wanda ya san wajen a da, in yaje yanzu fili zai tarar. Abin yana taɓa zuciya, domin mutanen nan suma wani ɓangare ne na tarihin garin, ba rawashin kaɗai ba.

Zuwan ma yanzu ba wuya. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana da tasha a unguwar Sulaimaniyya da kuma cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, daga Makka kafin ka gama shan shayi ka iso, Madina kuma wajen awa biyu. Bizar umara ma a shekarun nan ta bada damar zagaya garuruwa. Abinda ya rage kawai shine tun kafin ejan ya yanka maka tikiti ka gaya masa ya bar maka kwana a Jidda kafin ranar tashi, ka nemi masauki kusa da Balad, kayan tsaraba kuma ka barsu sai daren ƙarshe.