Wata shida da MR2

Wata shida ke nan da na sayi Toyota MR2 ta hannu, ƙirar 2004, a nan Ingila. Tun da na sa hotonta abokai ke ta turo saƙo, kowa na son irinta.

Injinta mai lita 1.8 yana bayan kujeru ne, shi ya sa take shan kwana kamar an manna ta da titi. Da Porsche Boxster na so, kuɗin sayenta bai fi ƙarfina ba, sai wani bakanike ya lissafa min kuɗin gyara, na haƙura.

Ranar saye na kwanta a ƙasa da tocila, na leƙa ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi yana sa tsatsa ta cinye shi. Motoci biyu na fasa saya saboda haka. Mai son saye ya duba baƙin mai ma, wasu na kafin 2003 suna shan sa sosai.

But kuwa babu. Ranar da na je ɗauko uwargida daga cefane, a kan cinyarta muka kawo buhun shinkafa gida, tana ta harara ta.