Abin da mabiyiyar tagwaye ta koya mini

A gida, da zarar mabiyiya ta faɗo sai a wanke ta a binne, hankali ya koma kan mai jego da jariri. A ɗakin binciken da na yi karatun digiri na biyu kuwa, daga nan aikinmu yake farawa, musamman idan ta tagwaye ce masu kama ɗaya da aka haifa ɗaya ƙato ɗaya ɗan firit.

Irin waɗannan tagwaye daga ƙwai guda suke, ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne. Idan ƙwan ya rabu a kwana uku na farko, kowa zai samu mabiyiyarsa. Idan ya kai kwana huɗu zuwa takwas, mabiyiya ɗaya za su raba, kuma wajen kashi biyu cikin uku haka suke. A cikin masu rabawar nan, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ɗaya yakan tsumbure. Likitoci sun fi damuwa idan tazarar nauyi ta kai kashi 25.

Darasin farko a kan tebur na koye shi, ba a littafi ba. Mukan zura siririn bututu a jijiyoyin kowace igiyar cibiya, mu ɗura ruwan kala daban-daban, salon da asibitin jami'ar Leiden ta ƙasar Holan ya yi suna da shi. Kana tausa kalar da yatsa tana bin jijiya, sai iyaka ta fito ɓaro-ɓaro. Igiyar babban tana tsakiya, kakkaura, rassanta sun mamaye fili. Ta ƙaramin siririya ce, a can gefe, wani lokaci ma a jikin tantani ta maƙale, jijiyoyin suna tafiya tsirara kafin su iso tsoka. Yankinsa wani lokaci bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tun daga lokacin na daina haƙuri da masu cewa uwa ce ba ta ci abinci ba. Ai uwa ɗaya ce, jini ɗaya, tuwon da ta ci kuma ɗaya.

Sai dai rabon fili bai gama bayani ba, nan ne ilimin efijenetik ya shigo, sunan da masanin halittu Conrad Waddington ya raɗa a 1942. Wasu ƙananan sinadarai da ake kira metil sukan manne a jikin DNA, su kashe wata ƙwayar gado ko su rage mata ƙarfi, ba tare da sun canza rubutun ba. Kamar baƙi ne da wasali: baƙin Hassan da Husaini ɗaya ne, amma in wasalin ya bambanta, karatu ya bambanta. Kowace ƙwayar gado kwafi biyu muke gada, na uba da na uwa, amma mabiyiya cike take da ƙwayoyin gadon da kwafin uba kaɗai ko na uwa kaɗai ke aiki. IGF2 na uba ne, yana tura girma. PHLDA2 na uwa ne, yana taka birki, kuma an sha samun sa da yawa a mabiyiyar jarirai marasa nauyi. Akwai kuma HSD11B2, mai kare ɗan tayi daga sinadarin damuwa na uwa, wanda aikinsa ke raguwa idan girma ya tsaya.

Ɗalibi in ya ga wannan, sai zumuɗi ya kama shi: ga musabbabi na gano! Malamarmu takan dakatar da mu da tambaya guda, wanne ya riga wanne? Mu dai bayan haihuwa muke aunawa, bayan yankin ƙaramin ya shafe watanni cikin ƙarancin iska da abinci. Alamar da muka gani tana iya zama tabon wahalar, tana kuma iya zama tushenta, kuma kowanne yana da shaida. A yunwar da ta afka wa Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, waɗanda aka yi cikinsu a lokacin an same su da ƙarancin metil a IGF2 bayan shekara sittin, kamar yadda binciken masani Heijmans da abokan aikinsa na 2008 ya nuna. Nan yunwa ce ta riga. A cutar Beckwith-Wiedemann kuwa, mai sa jariri ya yi girman da ya wuce kima, ana samun tagwaye masu kama ɗaya, galibi mata, ɗaya na da ita ɗaya ba ta da ita, saboda alamar ta goge a wajen ɗaya tun farkon rabuwar ƙwai. Nan alama ce ta riga.

Wurin da ka yanko tsoka ma magana ne. Mabiyiya ba bai ɗaya take ba. Gefe da tsakiya sukan ba da sakamako daban a yankin jariri guda. Shi ya sa muke yanka daga wurare da dama, nesa da iyaka, mu wanke jinin uwa tas, mu daskarar da wuri. Jinin cibiya ya fi ruɗi, domin akwai jijiyoyin da suka haɗa tagwayen ta cikin mabiyiya, kuma sun riga sun cakuɗa shi.

A ganina, duk wannan awo bai kai hoton ciki a kan kari amfani ga mai ciki ba tukuna. Kafin mako na 14 ne ake gane ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu cikin sauƙi. Idan ɗaya ce, daga mako na 16 a riƙa dubawa duk mako biyu, ana auna gudun jini a cibiyar ƙaramin. Da wannan awon ne likita Gratacós na Basalona da abokan aikinsa suka kasa matsalar gida uku a 2007: jini na gudana daidai, ko yana tsayawa ko komawa baya koyaushe, ko yana yin haka jefi-jefi. Da shi likita ke yanke shawarar a ci gaba da sa ido ko a ciro yaran kafin lokaci. Matan da na gani a asibitocinmu kuwa, da yawa sai ciki ya tsufa suke fara zuwa awo.