Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Teburin Tantance Takardu

A makon jiya mun tsaya inda aka gama ganawa da masu neman aiki, aka fitar da sunayen waɗanda suka yi nasara. Wannan makon zan ajiye labarin kaina, domin a shekarun da na yi ina aikin kula da ma'aikata a Birnin Kebbi babu matakin da na ga ana yi wa riƙon sakainar kashi kamar tantance takardu da buɗe fayil, alhali abin da aka rubuta ran nan shi zai bi mutum har ranar ritaya.

Ga abin da ake ɗora wa jami'i a tebur: takardar kammala firamare, sakamakon WAEC ko NECO, shaidar babbar makaranta, takardar bautar ƙasa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru daga kotu, shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, takardar lafiya daga asibitin gwamnati, da hotuna. A karɓi na asali a riƙe su gefe da gefe da kwafin. Jami'in da ya yarda da kwafi kaɗai bai tantance komai ba.

A fara da shekaru, nan ne rigima ta fi yawa. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Hanyar gano ragin shekaru ba ta da wuya: a jera takardun bisa shekarar da aka ba da su. Wanda ya rantse an haife shi a 1990, takardar firamarensa kuma ta nuna ya gama a 1996, yana cewa ke nan ya kammala aji shida yana ɗan shekara shida. Sai a duba bayanan da ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da lambar tantancewa ta banki (BVN) a ga ko bakinsu ya zo ɗaya da rantsuwar. Abin da ke ba ni tausayi, da yawa ragin bai ma amfane su da komai. Wanda aka haifa a 1972 ya kama aiki a 1993, shekarunsa 35 na aiki za su cika a 2028 yana da 56, ko da ya zabge biyar daga shekarunsa ranar tafiyarsa ba ta motsa ba. Ya dai sa wa fayil ɗinsa tabon da zai riƙe masa garatuti a banza.

Sai suna, kuma wannan matsalar tamu ce ta gida. Yaro ya shiga firamare ana kiransa Garba, hedimasta ya maƙala masa sunan garinsu, Jega ko Bunza ko Kamba, don a bambanta shi da sauran Garba uku da ke ajin. A sakandare ya koma Abubakar da sunan mahaifinsa. A jami'a an rubuta Mohammed, a banki Muhammad. Mutum ɗaya ne, ba ƙarya ya yi ba, amma kwamfutar biyan albashi ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Kada a kore shi kan wannan, kada kuma a kau da kai. A tura shi kotu ya yi rantsuwar daidaita suna, ya buga a jarida, a liƙa duka biyun a fayil kafin sunansa ya shiga jerin masu albashi. Haka ake yi wa matar da ta ɗauki sunan mijinta bayan aure.

Bautar ƙasa ba ta buƙatar dogon bayani. Mai digiri ko HND ya kawo takardar kammalawa, ko ta yafewa idan ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu. "Tana hanya" ba takarda ba ce.

Bayan nan sai a aza mutum bisa matakinsa na albashi: mai NCE yakan fara daga mataki na bakwai, mai digiri na takwas. Kuskure a nan yana haihuwa, don ƙarin girma daga mataki na bakwai zuwa na sha huɗu yana zuwa ne bayan aƙalla shekara uku-uku, daga na sha biyar kuma huɗu-huɗu. Wanda aka sa ƙasa da matakinsa ya rasa shekara uku tun bai zauna kujera ba.

Ranar kama aiki a rubuta ta da rana da wata da shekara, ma'aikacin ya sa hannu, shugaban sashensa ya sa. Daga ita ake ƙirga shekara biyu na gwaji kafin tabbatar da aiki, daga ita kuma ake ƙirga 35 ɗin. Wanda ya taso daga ƙaramar hukuma zuwa jiha da takardar canjin wurin aiki, shekarunsa na can suna cikin lissafi, don haka takardar ɗaukarsa ta farko dole ta shiga sabon fayil.

Masu kamfanoni, irin masana'antun shinkafa da shagunan da ke da ma'aikata da yawa, su ma ba su tsira ba. Dokar ƙwadago ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ma'aikata 15 ko fiye zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, ma'aikacin kashi 8, kuma asusun fanshon da sunan da ke kan NIN ake buɗe shi.

Shawarata ga sabon ma'aikaci: ka yi naka fayil a gida, kwafin kowace takarda da aka ba ka, ka sa a leda ka ajiye inda ruwan damina da gara ba za su kai ba. Fayil na ofis yakan yi ɓatan dabo wajen sauyin ma'aikata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun takardar tuhuma da yadda ake ladabtar da ma'aikaci ba tare da an zalunce shi ba.