Shekara tara ina yanka gonakin mutane

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofis, bayan shekara tara ina aikin safiyo a kamfanin nan na sayar da fuloti. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

A shekarata ta uku na yi wata biyu a kan babur ina zagaye Bompai da Sharaɗa a Kano, ina lissafa kangwayen masana'antun da suka mutu tun da wuta ta gagara, kayan waje suka cika kasuwa. Wuraren nan ga titi, ga magudanar ruwa, ga turakun wuta, sai ciyawa da ƙadangaru. Na rubuta shawarar mu sayi ko da biyu ne, mu mai da su gidajen haya da shaguna. Oga ko shafi na uku bai kai ba ya ture fayil ɗin. "Malam, kango rigima ce: magada goma, bashin banki, shari'a a kotu. Gona kuwa, ka ga mai unguwa, an gama." A gaban yaran ofis ya ce in ɗauki na'urata in daina mafarki.

Na kuwa ɗauka. Aka tura ni wata gona a bayan Kumbotso. Da idona na ga kwari ne, ƙasa baƙa, ga shatar inda ruwa ke kwanciya. Na faɗa masa, ya ce ai da rani ake sayar da fuloti. Na yanka, na sa hannu, kuma wannan laifin nawa ne. Bayan damina biyu wani malamin firamare ya same ni a ofis. Da kuɗin adashi ya gina ɗaki biyu, kullum sai ya hau a-daidaita-sahu biyu kafin ya isa makaranta, ruwan sha sai na 'yan ga-ruwa, yanzu kuma ambaliya ta kwantar masa da katanga. Ya ce, "Injiniya, tambarinka na gani na saya." Na rasa bakin magana.

Ku abokan aiki da kuka rage: kada ku sa hannu a filin da ba ku taka da damina ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, amma mai son kango sai ya iya zama da magada, don haka ku koyi rabon gado. Ku riƙa ajiye kwafin duk abin da kuka rubuta.

Bara na ga shawarar nan tawa a hannun Oga yana nuna wa masu zuba jari, an cire sunana. Ainihin kwafin, mai kwanan wata, yana cikin jakata, da shi zan fita.