Asabar, tsohuwar kwamfuta ta hau 3GHz

Tun bayan sallar asuba na sauko da tsohuwar destof ɗina daga kan tebur, don yau na ƙudura sai na ƙara mata gudu, abin nan da ake cewa obakulokin. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core 2 Quad Q6600 ne, wanda Intel suka fitar a 2007, gudunsa na asali 2.4GHz. Mutane na ganin ya tsufa, amma ni da shi nake aikin rubutu da gyaran hotuna, kuma ba ni da kuɗin sabuwa yanzu, shi ya sa duk abin da zan yi sai na tabbata ba zai ƙona min ita ba.

Kafin in taɓa BIOS ma, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, sai da na yi shara. Ƙurar hunturu ta toshe fankar gabaɗaya, na cire ta na kakkaɓe da buroshi, na goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ya bushe ƙayau, sannan na ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. A nan na ga an rubuta SLACR a jikinsa, wato samfurin G0 ke nan mai wat 95, wanda bai kai na farkon B3 mai wat 105 zafi ba, wallahi na ji daɗi sosai. Wanda duk ya tsallake wannan sharar ya tafi kai tsaye wajen lambobi, to zafi kawai yake ƙara wa injin da dama numfashi yake da ƙyar.

Lissafin ba wuya. Gudun furosesan nan gudun FSB ne, wato hanyar da yake magana da sauran sassan kwamfutar, wanda yake 266MHz, sau 9, kuma taran a kulle take ba ta wuce haka, saboda haka FSB ɗin ake ɗagawa. In ya kai 333, sau 9 ya ba ka kusan 3GHz. Madabod ɗina, wato babban faifan da komai ke haɗe a kai, Gigabyte ce mai P35, duk saitin yana cikin sashen M.I.T., na riƙa hawa kaɗan-kaɗan, in ƙara in adana in shiga Windows in duba CPU-Z, manhajar da ke nuna gudun furosesa, in dawo. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne gudun RAM, wato memorin kwamfutar, yana bin FSB. Nawa DDR2-800 ne, in na bar ninkinsa a 3.0 to a 333 zai koma 1000, kwamfuta ta ƙi tashi ka ɗauka furosesa ne ya mutu alhali ba shi ba ne, don haka na sauke shi zuwa 2.4 ya dawo 800 ɗinsa. Gudun PCIe kuma, wato hanyar katin hoto, na kafe shi a 100. Batirin CMOS, wanda ke riƙe saitin BIOS, na san inda yake, in allo ya yi baƙi a cire shi na ɗan lokaci komai ya koma yadda yake.

Boltej, wato ƙarfin wutar da ke shiga furosesa, ban ƙara ko kaɗan ba, kuma ban bar shi a oto ba, don madabod na iya zuba wuta fiye da buƙata. Iyakar da Intel suka sa 1.5V ne, amma ni ba kusa da can nake son zuwa ba.

Gwajin da gangan na bari sai bayan azahar lokacin da ɗaki ya ɗau zafi, saboda lambobin da Turawa ke sawa a intanet a ɗaki mai sanyi suka same su, mu kuma ga Afrilu na tafe. Na kunna Prime95, manhajar gwaji, ya danne duka ƙwayoyi huɗun da ke cikin furosesan da aiki, Core Temp mai nuna zafinsa a gefe ina kallo, na sa a raina in ya doshi digiri 70 zan tsayar. Ya tsaya a sittin da wani abu har la'asar, ba kuskure ko ɗaya. UPS na haɗe, don kada ɗauke wuta ya katse min aikin.

Ƙanena ya leƙo yana cewa Yaya ai wasu har 3.6 suke kaiwa, ka ƙara mana. Gaskiya ne suna kaiwa, amma da babbar fanka da ƙarin boltej, ni kuma fankar da ta zo da shi gare ni. Na ce masa a 3 zan tsaya. Yanzu na sake kunna gwajin zai kwana yana yi in wuta ta zauna, gobe kuma in gwada RAM ɗin da Memtest86.